Tsamiyar da Katanga Ta Kauce Wa

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Matasa suna ta kuka da zafi kamar a kansu aka fara, mu kuwa da muka haura sittin mun san wata zagayawa yake yi, sai ya ɗauki shekara talatin da 'yan kai ya dawo inda ya bari. Shekaranjiya da la'asar ina kwance a zauren gidana a Panshekara, babu wuta, na jiƙa tawul na shimfiɗa a ƙirji, sai ƙanshin tsamiyar da matata Hajara ta jiƙa don kunu ya biyo iska ya same ni. Nan take na koma wancan azumin, wanda muka yi da rumbu wayam, shekarar da saura ƙiris mu rasa gonar Iya.

Iya kakata ce, ita ta haifi babana. Da ya rasu ni ne babba, sai gidan ya dawo wuyana: ita, da mahaifiyata, da ƙannena huɗu, da Hajara da goyonta na fari. Sunana Sale, amma ban taɓa jin sunan a bakin Iya ba. "Maigidana" take ce mini tun ina rarrafe, ni kuma in ce mata "Amarya", in ce sai ta sake haƙora zan kai lefe. Ita kuma ta ce wanda ko keke ba shi da shi ina ya ga bakin zancen lefe.

Kafin a kafa masana'antun Challawa, duk filin nan gonakin mutanenmu ne. Hukuma ta karɓa ta yanka wa kamfanoni, aka gina wata masaƙa a kan gonar kakana. Abin da ya rage mana wata 'yar siririyar gona ce tsakanin bayan masaƙar da rafi, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiyarta. A takarda ta kamfani ce, amma ba su kewaye ta ba, mu kuma ba mu je mun tuna musu ba. A masaƙar nan nake aiki, a sashen rini. Wato kwana shida in yi wa kamfani aiki a kan gonar kakana, ranar Lahadi in yi wa Iya noma a ragowarta.

Daminar da ta gabaci azumin, ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Abin da muka girbe bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Albashina in ya shiga kasuwa sai ya fito da 'yar dawar da ba ta ganin ƙarshen wata. Abu ɗaya ne ba a taɓawa a gidan, damin irin shuka da Iya ta rataye a madafa, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Ko kallonsa mutum ya cika yi sai ta tambaye shi ko ya ba ta ajiya ne.

Har yanzu ina iya jero yadda kwanakin suke tafiya. Sahur ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka mai ruwa-ruwa, Iya ce ke rabawa da hannunta. Nawa ya fi na kowa girma, wai ni ke tsayuwa a bakin tukunyar rini, sai daga baya na gane a nata take gutsurowa. Gari na wayewa jiniyar masaƙa za ta busa, wata ta amsa mata daga can, hanyar Panshekara ta cika maƙil da kekuna da masu tafiya a ƙasa irina. A cikin sashenmu kuwa zafi biyu ne, na Allah a kan kwano, na tururi a ƙasa. Kafin azahar riga ta manne a baya, leɓe ya tsage, hannu ya yi shuɗi har gwiwa, miyau ya kafe a baki. Abokin aikina Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, shi ke karɓar tsayuwar bakin tukunya daga azahar don mu masu azumi mu koma wajen naɗe yadi. In ƙishi ya kama shi sai ya zagaya bayan sito ya sha ruwansa, kada mu gani.

A gida rijiya ta ja baya, sau biyu ana ƙara wa guga igiya, abin da ke fitowa rabinsa laka ne sai an bar shi ya kwanta. Mata su tsinko zogale, su dafa busasshiyar rama, a kwaɗa da ɗan ƙuli. In an kira magariba kowa ya ɗauki ludayinsa a kewaye kunun tsamiya, babu sukari, tsaminsa har cikin kunne. Amma wallahi ban sake shan abin da ya kai shi daɗi ba, ni da yanzu ake ajiye wa ƙanƙara da lemo iri-iri. Tsamiyar gonar Iya ce, ita ta riƙe mu a watan nan. Ranar Lahadi kuma maƙwabta su fito gayya, yau a gonar wannan, wani makon a ta wancan, a yi shara, a kai taki da jakuna. Gayya ce ba fura ba tuwo, hantsi na dubawa a watse, sai sannu da Allah ya saka.

To, akwai wani abu da Iya take yi wanda a lokacin ya zame mini ƙashin kifi a wuya. Mahaifinta Bamaguje ne. Ita tun tana yarinya ta musulunta, salla ba ta wuce ta, azumi ko ɗaya ba ta sha duk da tsufanta. Amma kowace shekara, kafin a sa iri a ƙasa, sai ta daka gumba ta dama da ɗan nono ta kai gindin tsamiyar nan ta zuba wa Uwar Gona, iskar da mahaifinta ya ce ita ke tsaron wurin. Ta kife ƙwaryar a nan ta dawo gida. Ni kuwa a shekarar na fara zuwa ɗaukar karatu wajen wani malami. Karatun bai kai ya kawo ba, amma gemu ya riga ya tsiro, abokai har sun fara ce mini Ustaz, ni kuma kaina yana kumbura. Na fi son a ce an kama ni da satar yadi da a ce kakata ce mai ƙwaryar gindin tsamiya.

Injiniyan masaƙarmu wani Ba'indiye ne, Masta Sundara, gajere, baƙi kamarmu, mai furfurar gashin baki. Ya daɗe a Kano har ya iya Hausa, irin wadda ba ta da kwana, abin da ke ransa shi ke fitowa. In muka tsokane shi da waƙar fim sai ya ce shi ma a fim yake ganin waɗannan, nasa mutanen Tulu ake ce musu, can kudu a bakin teku, manoman shinkafa da kwakwa ne.

Azumi ya kusa rabi sai manaja ya ba da umarni a ja katanga har bakin rafi, a haƙa babban kududdufin da za a riƙa tara ruwan rini. Aka zaɓi mu huɗu mu bi Masta da turaku da tef ɗin awo, har da ni da Bitrus. Ina ganin inda muka dosa na gane gonarmu za mu auna. Gonar da muka gama sharewa, muka zuba wa taki, wadda mutum takwas ke jiran damina ta faɗo a kanta, ita za a mayar rami, kuma ni ne mai riƙe da tef.

Da muka isa gindin tsamiya Masta ya ja ya tsaya. Wurin a share yake tas, ga wani sumul ɗin dutse, ga tsofaffin ƙore a kife, wasu gara ta ci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Wa yake ba wannan itace abinci?"

Bitrus ya saci kallona, domin ya sani.

"Sale, kai ɗan garin nan ne. Wa ke da ƙwarya?"

Abu biyu suka zo mini a lokaci ɗaya, tsoron kada a gane mu ke noma filin kamfani a kore ni, da kunyar sauran ma'aikata. Na buɗe baki na ce, "Ban sani ba, Masta. Aikin jahilai ne kawai."

Masta ya karɓi tef ya naɗe, ya ce ba za a kafa turke ko ɗaya ba sai ya ga mai ƙwaryar, kuma kullum da safe kafin a busa jiniya zai zo ya jira. Ni a haukata sai na ɗauka tarko ya ɗana.

Da na koma gida na gaya wa Iya zancen katanga da rami, na haɗiye sauran. Na roƙe ta kada ta kusanci tsamiyar bana. Ashe na makara, domin a ranar ta ga shamuwa ta sauka a kan rimin unguwa, iska kuma ta juyo daga kudu. Ina magana tana zare zangarniya ɗaya daga damin iri.

"Haba Amarya," na ce, "a wannan yunwar za ki daka iri ki zuba wa tururuwa?"

"Tururuwa ai ba ta ɗaukar albashi, Maigidana."

"Ba'indiyen nan yana can yana jiran ya kama mai ƙwarya. In ya gan ki aikina ya tafi, gonar ma ta tafi."

"Gonar da ka ce za a haƙa rami a cikinta? To me ya rage da za a ƙwace?"

Na ɗauke 'yar ƙwaryarta na ɓoye a kan rumbu. Ko nema ba ta yi ba, ta ari ta Hajara. Washegari ana idar da sallar asuba ta ɗauki sandarta ta kama hanya, ni kuma na bi ta a baya ina magiya, gaba kura baya sayaki.

Mun tarar da Masta zaune a kan saiwar tsamiya. Abin da na fara gani takalmansa ne, ya cire ya ajiye can nesa, ƙafarsa a ƙasa. A gefensa ga kwakwa ɗaya da 'yar ayaba. Yana ganin Iya da ƙwarya ya miƙe tsaye ya haɗa tafukansa a ƙirji. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce masa sannu, ta durƙusa ta zuba gumbarta a kan dutsen, ta ce, "Ga naki, mun gaishe ki. Allah ya ba mu damina mai albarka." Sannan ta miƙo mini ƙwaryar ta baya.

"Maigidana, karɓi ka kife."

Sai a lokacin Masta ya lura da ni. "Sale? Ka san Mama?"

"Jikana ne," in ji Iya.

"Jikanki? Amma shi ya ce mini bai san mai ƙwarya ba. Ya ce aikin jahilai ne."

Ba da mugunta ya faɗa ba, mamaki ne ya kama shi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Iya ba ta dube ni ba. Ta miƙo hannu ta zare ƙwaryar daga hannuna, ta sunkuya da ƙyar ta kife abinta da kanta.

Masta ya zauna a ƙasa a gabanta ya shiga ba ta labari, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Ya ce a ƙasarsu babu gonar da ba ta da mai tsaronta, kowane gida ya san nasa, an gina masa ɗan ɗaki a gefen gona. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi, a yi masa biki. Wani mutum da ya gaji abin zai shafa wa fuskarsa launi, ya ɗaura ganyen kwakwa a ƙugu, ya sa ƙarafa a ƙafa, a yi ta kiɗa har mai tsaron ya sauka a kansa ya yi magana da bakinsa. A ranar ko mai ƙasa duk girmansa tsaye yake da ladabi, in akwai rikicin iyaka a nan ake yanke shi.

"A'a," in ji Iya, "ashe ku ma kuna da bori."

Ya ce na gidansu sunansa Panjurli, siffar aladen daji gare shi, shi ke kare shinkafa daga ɓarna.

"Alade? Tir! Tamu dai mace ce mai tsafta, nono take sha."

Masta ya yi dariya har da buga cinya. Da dariyar ta lafa sai ya ce babansa ya taɓa sayar da wata gona, wanda ya saya ya sare itatuwan ya tumɓuke dutsen, ba a tambayi kowa ba. "Ban ce mai tsaro ya yi masa wani abu ba, Mama. Amma babana bai sake jin daɗin abinci ba har ya mutu." Ya ce kowace shekara tsohuwarsa tana rubuto masa ya zo biki, hutunsa kuma ba ya faɗawa daidai. Iya ta ce ashe shi ma maraya ne, Allah ya jiƙan mahaifa.

Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. A al'adarsu ba a taɓa ƙasa sai an tambayi gidan da ke ciyar da mai tsaronta, ko da takarda ta ce ta wani ce. Abin da ya sa yake jira ke nan, ni ina can ina ɓoye ƙwarya.

"Mama, ki tambaye ta, a ina zan haƙa?"

"Ni ba 'yar bori ba ce, ɗan nan, ba ta magana da bakina. Ruwa na Allah ne, shi ke bayarwa shi ke hanawa. Wannan gaisuwar maƙwabtaka ce na gada. Amma in wurin rami kake nema, taso."

Ta dogara sandarta ta ja shi yamma da masaƙar, inda wani faƙo yake, ko ƙaya ba ta fitowa. Ta ce nan ƙasar ba ta shan ruwa, in an yi sama sai ya kwana uku a kwance. Gonarta kuwa rairayi ce, in ya zuba ruwan rininsa a can zai bi ƙarƙashi ya ɓullo a rijiyoyin mutane. Masta ya sa aka kawo masa ƙarfe ya caka nan ya caka can, yana gyaɗa kai. Da hujjar ƙasar ya je ya shawo kan manaja, ban ji ya ambaci Uwar Gona a ofis ba. Aka ƙara tsawon bututu, aka haƙa kududdufi a faƙon, katangar da aka ja kuma da ta zo daidai gonar sai ta lanƙwasa ta bar ta a waje, da ita da tsamiyarta.

Kafin mu rabu ya nemi izinin ajiye kwakwarsa a gindin itacen. Iya ta ce Uwar Gona ba ta san wannan abincin ba, ya kawo ta kai gida a sha ruwa da shi. Ta ƙulle kwakwa da ayaba a gefen zane muka juyo. Muna tafe har muka iso mararrabar da ke zuwa ƙofar masaƙa, sannan ta ce, "Sale, wuce, kada ka makara."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da magariba aka fasa kwakwa aka raba, kowa yana santi ban da ni. Sale nake da safe, Sale da yamma, tuwon sahur ɗina dai bai ragu ba.

Kada wani ya ce gumba ta kawo ruwa, domin bayan ranar sai da muka ƙara fiye da mako biyu sama tana fari fat. An fita roƙon ruwa a filin idi, hadari ya haɗu ya watse ya fi a ƙirga, mun yi sallar da babu ɗinki. Sai bayan salla da kwana uku, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta fara kaɗa ƙyauren sashenmu, sannan ƙanshin ƙasa ya shigo ya danne warin rini. Da ruwan ya sauka a kan kwanon masaƙa, ƙararsa ta rufe ta injuna. Muka fita tsakar fili muka tsaya a ciki da kayan aikinmu, shuɗin hannunmu yana zuba, Bitrus yana ihu da yarensu, Masta a bakin ƙofa ya tara tafin hannu.

Da sassafe muka fita shuka, gidan gaba ɗaya. Ina gaba da sungumi ina sara, Iya tana bayana tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ƙasar ta yi laushi, sanyinta yana ratsa tafin ƙafa. Na yi ta juya maganar da zan faɗa, da muka kai tsakiyar kunya ta uku na tsaya na ce, "Iya, maganar nan ta ranar..."

"Sari ƙasa, rana tana yi."

Na ci gaba da sara, da ƙarfi, don haushin kaina. Mun kusa gindin tsamiya sai na ji muryarta a baya tana haki.

"Maigidana, rage sauri mana, amaryar taka ta tsufa."

Ban juyo ba, don kada ƙannena su ga fuskata. Geron shekarar ya yi kyau, shi ya fitar da mu.

Yau masaƙar ta daɗe da mutuwa. An kwashe injuna, an yaye kwano, jiniyar da muke saita fita aiki da tashi da ita babu wanda ya san inda take. Masta Sundara ya koma ƙasarsu tun kafin a rufe, ina fata ya samu bikin nasu. Iya ta rasu shekara huɗu bayan wancan azumin, Allah ya jiƙanta. Ni ban taɓa zuba gumba ba, ba kuma zan zuba ba, na san abin da na karanta. Amma gonar tana nan ina nomawa, nakan share gindin itacen in bazara ta nuna, kuma tsamiyar da Hajara ta jiƙa shekaranjiya daga can na kaɗo ta.

Makon jiya na je duba taki sai na tarar da baƙi. Wai wani attajiri ya sayi kangon zai mai da shi sito. Wani matashi mai awon fili ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku yana leƙawa, ya dubi takarda, ya dubi katangar, ya kasa gane abin da ya karkatar da ita. Da ya hango ni ya taso ya gaishe ni da ladabi.

"Baba, don Allah ko kun san mai wannan tsamiyar? Na ga kamar ana share..."

"Ta kakata ce," na ce. "Tasalla sunanta, ita ke da ƙwaryar da ake kifewa a nan. Ni jikanta ne."

Ban san abin da za su yanke ba, ya dai rubuta a littafinsa ya ce zai gaya wa maigidansa. Abin da na lura shi ne har ja da baya ya yi, don da ƙarfi maganar ta fito, ga azumi a bakina. Bawan Allah, bai san ba shi nake ba amsa ba.